Hannun Abdulbaƙi Mai Bobin

Duk wanda ya yi kabu-kabu a Malanbil cikin shekarun nan ashirin ya san rumfar Abdulbaƙi. Tana nan bakin hanyar da ta gangara kasuwa, kwano huɗu bisa itace, da benci guda wanda baƙin mai ya cinye launinshi. Babu allo, babu lamba. In ka ce a kai ka wurin Mai Bobin, ko mai tallar ƙosai sai ta nuna maka da haɓa.

Gidansu gidan fatake ne. Kakanshi da goro ya shigo garin, ubanshi ya yi suna a albasa, 'yan uwanshi duka suna kasuwa, kowa da tashi rumfa. Shi kaɗai ya bauɗe. In anka aje shi tsaron buhuna, sai a waiga a ga buhuna su kaɗai, shi kuwa shina can tsugune wurin wani Karimu mutumin Kandi, mai gyaran mobilet, ƙananan baburan nan. Uban ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya ya gaji ya ce, "Wanga dai ƙarfe ya haife shi, ba ni ba." Ya ƙyale shi.

To, bobin wani ɗan baƙin abu ne da bai kai dunƙulen hannu ba, ɓoye ƙarƙashin tankin moto, da waya mai kauri da ta fito daga cikinshi ta je kan buji, wato fulogi. Shi ke ba buji wuta. In ya mutu, ko tankinka cike yake da isansi har baki, sai dai ka sauka ka tura. Wanda moto ya zo da shi daga masana'anta yakan yi shekara biyu, ukku in mai shi ya yi sa'a. In ya ƙare, sai na kwali, waɗanda 'yan kasuwa ke kawowa jaka-jaka. Kwalinsu na ƙyalli, rubutunsu iri ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya, amma cikin goma da wuya ka samu huɗu na kirki. Kuma na banzan ba ya nuna halinshi da sanyi. Sai ka yi nisa da gari, inji ya ɗau zafi, sannan ya ɗauke wuta ya bar ka da fasinja da rana.

Sauran makanikai da ido suke gwaji. Su kwance buji, su jingina shi jikin inji, a buga, su ga ɗan tartsatsi, su ce ya yi. Abdulbaƙi ba haka Karimu ya koya mishi ba. In ya ɗaura sabon bobin, ya ɗaure shi da kile-dis, wato sifana lamba goma, ya kankare wurin da ƙarfe ke haɗuwa da ƙarfe har ya yi fari, sai ya ce ma mai moto, "Tahi bakin gada ka dawo. Kar ka tausaya mishi." In ya dawo inji na huci, sai Abdulbaƙi ya zare hular buji, ya kama bakin wayar da yatsu biyu na hannun dama, ya dafa tanki da na hagu, ya ce, "Buga."

Mai moto ya taka kik. Wutar ta shiga jikin Abdulbaƙi. Daga inda ta tsaya yake sanin gaskiyar bobin. In ta tsaya a yatsu, sai ya cire shi ya jefa bayan rumfa. In ta kai wuyan hannu, ya ce, "Na cikin gari ne, kar ka wuce shingen 'yan duwan na bakin gari da shi." In kuwa ta fizge shi har gwiwar hannu, kafaɗarshi ta yi tsalle, sai ya yi murmushi ya ce, "Ya kai gwiwa. Tahi Kandi in kana so."

Wannan magana, ya kai gwiwa, ta zama ta gari. Har shayi in ya yi ƙarfi sai ka ji 'yan kabu-kabu na cewa ya kai gwiwa. Akwai wani Ango cikinsu, baki gare shi kamar reza, shi ke zama bisa benci shina tsokana.

"Baba, wai da gaske ne in wutar gari ta ɗauke, matarka Inna Marka cikin kunnenka take cajin salula?"

"Kai dai biya mai shinkahwa, tun jiya take nemanka."

"Wallahi ranar da ka mutu sai mun sa maka hular buji kahin mu taɓa ka."

"In ka riga ni hwa?"

Haka rayuwarshi ta tafi. Bai yi arziki ba, bai kuma roƙi kowa ba. Ya aurar da ɗiyanshi mata biyu, guda a Gaya, guda nan cikin gari. Ya zauna da matarshi Marka a ɗaki biyu cikin gidan gado, tana sayar da kunun gyaɗa da safe. 'Yan uwanshi masu manyan riguna in sun wuce ta rumfar sukan ɗaga hannu daga cikin mota. Bai damu ba. Su suna da sito, shi shina da maganar da duk garin ya yarda da ita.

Abin ya faro da ƙafafu. Sai ya riƙa jin kamar shina tafiya bisa auduga. Daga nan yatsun hannu sunka fara yi mishi kamar ƙananan tururuwa na yawo cikinsu. Ya ce gajiya ce. Wata rana da la'asar ya dawo gida, Marka ta kawo mishi ruwan wanke hannu, ta tsaya tana kallon tafinshi.

"Maigida, mi ya same ka nan?"

Ya duba. Fatar gefen hannun ta tashi fari, ta kumbura, faɗin dala. Bututun hayaƙin wani moto ne ya ƙone shi, ko wane ne cikin waɗanda ya taɓa ranar. Bai ji ba.

Ita ta matsa har sunka je likita. Anka ɗibi jini, anka ce ciwon suga ne, ya daɗe a jiki, ya fara cin jijiyoyi. Anka ba shi magani, anka hana shi shayi mai zaƙi, anka ce abin da ya tafi da wuya ya dawo. Sunka kamo hanyar gida. Sai da sunka kai ƙofa Marka ta ce, "Sai ka gaya ma yaran nan."

"In gaya musu mi?"

"Abin da likita ya ce. Su san hannun ba kamar da ba."

"Marka, makanikai nawa ne a garin ga? Kowane lungu akwai mai kile. Abin da ya kawo su wurina guda ne. In na ce babu shi, mi ya rage? In zauna ina kallon hanya?"

"Ni dai tsoro nake ji."

"Shekara talatin ina taɓa abin nan. Ko ido ruhe na san na kirki."

Ba gaskiya ba ce, kuma shi ma ya sani. Amma ya ci gaba. Da fari wutar na zuwa mishi can nesa-nesa, kamar mai kira daga ƙetaren kogi. Kafin azumi ya zo, ko wannan ta ɗauke. Sai ya koyi wani abu da Karimu bai koya mishi ba. Ya riƙa sauraron ƙarar kik, daidai lokacin da ƙafar mai moto ta kai ƙasa sai ya fizge kafaɗa da kanshi, ya yi ɗan tsaki, ya yarfe hannu. Wanda ya yi shekara talatin wuta na fizgarshi, ai ya san yadda fizga take. Ba wanda ya gane. Yakan auna bobin a tafin hannu, ya shinshina robar, ya zaɓa da zato. Lokaci-lokaci sai ya jefa wani bayan rumfa don kar a ce komi yanzu wucewa yake. Allah kaɗai ya san na kirki nawa ya jefar. Moto biyu ko ukku sun dawo ana turawa, ya ce kayan bana ne sunka lalace, anka yarda.

Cikin masu zuwa rumfar akwai Latifu. Ubanshi Issufu abokin Abdulbaƙi ne tun suna samari, manomin shinkafa, ya rasu Latifu na ƙarami. Uwar ta koma ƙauyensu can bayan Gene, inda za ka bar kwalta ka bi turba cikin gonaki. Latifu ya girma ya zo birni, ya yi dako, ya tara, ya sayi moto, kuma tun ranar farko wurin Abdulbaƙi ya kawo shi. Mutum ne marar yawan magana, mai ɗiya ukku. In ya zo bai zama bisa benci, tsaye yake yi har a gama.

Ranar wata Talata cikin bazara, zafin nan da ke sa kwano ƙara, ya turo moton da hantsi.

"Ina kwana, Baba."

"Lahiya lau, ɗan Issufu. Ya jikin tsohuwa?"

"Da sauƙi za a ce." Ya jingine moton. "Ba ta cin komi yanzu sai ruwan hura. Ni ke tahiya kwana biyu-biyu. Jiya moton ya ɗauke mini wuta sau biyu bisa hanya."

Abdulbaƙi ya ɗaga tanki, ya duba. Tsohon bobin ya tsage ta gefe. Latifu ya fiddo sabo cikin kwali daga aljihu, wanda ya saya a kasuwa da safen. Abdulbaƙi ya juya shi a hannu, ya ɗaura, ya ɗaure, ya kankare ƙarfe kamar kullum. Latifu ya je bakin gada ya dawo. Abdulbaƙi ya zare hula, ya kama waya.

"Buga."

Kik ya sauka. Babu komi. Kamar ya riƙe igiyar shanya. Kafaɗarshi ta yi tsallenta, don ta riga ta saba.

"Ya kai gwiwa."

Latifu bai hau ba. Ya tsaya riƙe da kan moto. "Baba, ka yi haƙuri, a sake. Ko yaushe ana iya kirana. Ba ni son in tsaya a daji."

Nan ne wurin. Abdulbaƙi ya sha faɗa daga baya cewa maganar ta zo mishi har bakin haƙora. Amma Ango na bisa benci da wasu mutum ukku, suna jira, suna kallo. Ya sake kama wayar.

"Buga."

Ya sake fizgewa, har da yarfe hannu.

Ango ya ce, "Kai Latifu, so kake ka gasa muna tsoho? Sau biyu hwa. Ko na Makka bai hi haka ba."

Anka yi dariya. Latifu ya ce, "Fofo, Baba, na gode," ya hau ya tafi.

Ranar Alhamis da hantsi anka kira shi daga ƙauye. Tsohuwa na kiran sunanshi, ya zo yanzu. Ya sauke fasinjan da ya ɗauko a tsakiyar hanya, ya juya. Bisa kwalta moton ya tafi lafiya har ya wuce Gene. Da ya shiga turba, rairayi ya yi yawa, inji ya ɗau zafi, sai wuta ta ɗauke. Ya buga har gumi ya rufe mishi ido. Ya zauna gindin wata ƙirya, inji ya huce, ya buga, ya tashi. Bai yi nisa ba ya sake mutuwa. Da abin ya mutu gaba ɗaya tun farko, da ya jingine shi a wata gona ya sa ƙafa. Amma irin wannan bobin mugunta gare shi: in ya huce sai ya ba ka wuta, ka ce shi kenan, ka hau. Sau biyar ya yi mishi haka. Wurin kuma babu rezon salula, ba ya kira, ba a samunshi.

Tsohuwar ta cika tun kafin rana ta take. Mutanen ƙauye sunka jira har anka yi azahar, zafi ya yi yawa, liman ya ce ba a iya ƙara jira. Latifu ya shigo ƙauyen shina tura moto, ya gamu da maza suna dawowa daga maƙabarta da makara wayam.

Ango ne ya kawo labarin rumfa wanshekare. Ranar babu tsokana a bakinshi.

"Kayan bana shaiɗanu ne, Baba. Abin da ya ruɗi hannunka, wa kuma zai tsira? Mun ce za mu je mu samu mai shagon da ya saida mishi."

"Ku bar mai shago."

"A'a, ai shi ya..."

"Na ce ku bar shi."

Ka ga ƙofa a buɗe take. Ba wanda ya zarge shi. Da ya yi shiru, da har yau ana cewa ya kai gwiwa. Ya koma gida da azahar, abin da bai saba ba, ya zauna bakin ƙofar ɗaki. Marka ta aje mishi tuwo, ya huce a gabanshi. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Ta shiga ɗaki, ta fiddo farar rigarshi ta Juma'a, ta kakkaɓe, ta rataye inda zai gani.

Ranar sadakar ukku ya shiga motar Gene, daga can wani mai amalanke ya ƙarasa da shi. Ya iske maza zaune bisa tabarmi ƙarƙashin rumfar kara. Ya gaisa, anka yi fatiha, tsofaffi na ta cewa kala suru, sai haƙuri. Latifu na ganinshi ya taso, ya kama hannunshi da hannu biyu.

"Baba, da kanka, cikin ranar ga?"

"Zo mu ga moton."

"Bar moto, Baba. Ba laihinka ba ne. Ni na sayo abina."

"Zo dai."

Moton na jingine bayan rumbu, ƙura ta rufe shi. Babu kowa wurin sai kaji. Abdulbaƙi bai taɓa shi ba. Ya buɗe tafin hannunshi na dama, ya nuna ma Latifu tabon ƙunar, da wasu sabbi biyu kusa da shi.

"Wanga hannu ba shi jin komi. Ko wuta, ko ƙaya, ko ruwan zahi."

Latifu ya dubi hannun, ya dubi fuskarshi. Bai gane ba tukuna.

"Ran Talata da na ce maka ya kai gwiwa, ban ji komi ba. Kahwaɗar ni na motsa ta."

Wata kaza ta bi ta tsakaninsu da 'yan tsakinta. Can cikin gida mata na daka.

"Tun yaushe?"

"Tun kahin azumi."

"Na ce a sake, Baba."

"Ka ce."

"Da ka ce mini ba ka sani ba, da na ari moton Ango. Ya ma yi mini tayi."

Latifu ya sa hannu ya share ƙurar sirdin moton, a hankali, har ya gama, kamar wannan ne aikin da ke gabanshi.

"Ajalinta ne, na sani. Ko ina nan ba ni hana shi. Amma ƙanwata ta ce tun sahe idon tsohuwa na bakin ƙohwa. Duk ƙarar da ta ji sai ta ce ga shi nan."

"Ka yahe mini, ɗan Issufu."

Latifu ya kakkaɓe ƙurar hannunshi. Sannan ya ce, "Za a kawo abinci. Ka ci kahin ka koma, hanya da nisa." Ya juya ya koma wurin baƙinshi.

Wanshekare da safe 'yan kabu-kabu sunka taru a rumfa kamar yadda sunka saba. Abdulbaƙi bai jira an tambaye shi ba, ya gaya musu duka, tsaye, da kile a hannu. Wasu sunka sunkuyar da kai. Wani ya tuna ranar da ya turo moto daga hanyar Karimama da mace mai ciki a baya, ya tashi ya tafi bai yi sallama ba. Ango ya yi ƙoƙarin gyara zance, ya ce to ai sai su riƙa riƙe wayar da kansu, Baba ya buga. Anka gwada. Ango ya kama, anka taka, ya yi kururuwa ya faɗa bisa benci. Anka sa wani bobin da kowa ya san mataccen ne rabi, ya kama, ya sake yin kururuwa iri ɗaya. Duk wanda ya gwada, wutar har ƙeya yake jinta. Ashe ba riƙewar ce gwanintar ba. Abin nan shekaru ne, kuma sun tafi da jijiyoyin mutum guda.

Rumfar tana nan har yau. Shina ɗaure sarƙa, shina canza mai, shina wanke karbirato, ko da yake ƙananan kusoshi na yawan kuɓuce mishi cikin rairayi. In anka kawo bobin, yakan ɗaura shi da kyau kamar da, ya kankare ƙarfe har ya yi fari, sannan ya ce, "Na ɗaura. Ko na kirki ne, ban sani ba. Kar ka yi nisa sai ka gwada shi kwana biyu." Mafi yawa sun koma wurin masu gwaji da ido, don mutum ya fi son a ce mishi ya yi. Bencin yakan wuni da mutum guda, ko babu. Kunun Marka ne ke riƙe da gidan yanzu, ita kuma ba ta taɓa faɗin haka ba.

Latifu na wucewa ta hanyar sau da yawa a rana, don ita ce hanyar kasuwa. Kullum yakan ɗaga hannu, ya ce, "Ina wuni, Baba." Bai taɓa fasawa ba, bai kuma taɓa tsayawa ba. Wani makanike can wajen tasha ke duba mishi moto.

Kwanan baya, da la'asar, Latifu ya wuce da buhun albasa a baya. Abdulbaƙi ya bi ƙarar injin da kunne har ta ɓace. Akwai wata 'yar gargada cikinta in an ja mai, kamar mai tari shina dannewa. Ya miƙe, ya fito bakin hanya, har ya buɗe baki. Sai ya koma ya zauna.

Ango na bisa benci shina cin gyaɗa.

"Ango."

"Na'am, Baba."

"In ka gamu da Latifu, ka ce ya sa a duba mishi wayar buji. Ta hwara zubda wuta. Kar ya kai ta sati."

"Ga shi can bai yi nisa ba, in kira shi?"

"A'a. Kai ka gaya mishi. Ka ce kai ka ji."